Zanen Karta Tsakanin Yayi da Gado

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da wasu za su ga bai kai a ɓata masa tawada ba, wato zanen da ake yi a jikin karta. Ni mai zane ne da kwamfuta, haifaffen Zariya, mazaunin Agege a nan Legas, kuma yawancin ranakuna a Shomolu nake wuni, inda maɗaba'u suke jere layi bayan layi, ƙarar injuna ba ta yankewa tun safe har dare. A 'yan shekarun nan aikin karta ta musamman ya fara shigo mana. Masu biki suna so a buga musu fakiti su raba wa baƙi kamar yadda ake raba kalanda da littafin rubutu, kamfanoni suna so a sa tambarinsu a bayan kati, sannan ga matasa 'yan uwana masu zane da suke da burin fitar da karta mai kamannin Arewa su sayar ta intanet. Abin da nake gani yana fitowa daga hannunmu, har da nawa hannun, shi ya sa na ga ya dace in rubuto.

Kafin in ci gaba, ya zama dole in raba zare da abawa. Caca haramun ce, aya ta 90 a cikin Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya ta ce a nisance su, kuma ba na cikin masu neman a yi mata kwaskwarima. Batun wasa ba tare da kuɗi ba kuwa na bar wa malamai, domin ni ba mai ba da fatawa ba ne. Abin da na sani shi ne karta tana cikin gidajenmu da majalisunmu da ɗakunan kwanan ɗalibai, yara suna koyon ƙirga da ita, direbobin da suka sauke kaya a kasuwar Mil 12 suna rage dare da ita kafin a yi musu lodi, kuma kowane kati da suka riƙe wani ne ya zauna ya zana shi. Tun da haka ne, yadda ake zana shi ya shafe mu.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa karta kayan Turawa ce tun asali, saboda haka duk abin da muka ɗora mata na gida ci gaba ne, duk abin da muka bari kuma kwaikwayo ne. Tarihi bai nuna haka ba. A gidan tarihi na fadar Topkapi da ke Istanbul akwai wata tsohuwar karta ta zamanin daular Mamluk ta Masar, wadda masani L. A. Mayer ya yi rubutu a kanta a 1939. Gida huɗu gare ta, wato rukunin katuna huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba, da sandunan wasan ƙwallon doki. Manyan katunanta uku ne a kowane gida, malik, wato sarki, da na'ibinsa da na'ibi na biyu, kuma babu fuskar mutum ko ɗaya a jikinsu, sai ado na furanni da layuka da rubutu mai kyau da ke bayyana matsayin katin. Daga wannan yanki karta ta tsallaka Turai, har a 1377 hukumar birnin Florence na Italiya ta kafa dokar hana wasan, kuma masana da dama suna ganin kalmar da Sifaniyawa suke kiran karta da ita har yau, naipes, daga na'ib ta samo asali. Ina kawo wannan ne domin mai zane Bahaushe ya san cewa idan ya zana sarkin karta ba tare da fuska ba, bai zo da baƙon abu ba, ya koma ne ga wata hanya da ta girmi wadda ya saba gani.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne yadda karta ta kai ga siffar da muka sani. Babu wani abu a jikinta da aka sa don ado kawai. Wajen shekarar 1480 masu buga karta a Faransa suka sauƙaƙa alamomin gida huɗu zuwa siffofi masu launi ɗaya, biyu ja biyu baƙi, saboda ana iya shafa su da sauri ta cikin hudajjen kwali ba sai an sassaƙa katako ga kowane kati ba, kuma ido yana rarrabe su nan take. A ƙarni na 19 aka mayar da sarki da sarauniya masu kai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, domin a da idan mutum ya ɗauki kati ya juya shi don ya miƙar da sarkin, abokin wasansa ya gane abin da ke hannunsa ke nan. Ƙananan lambobin da ke kusurwa kuwa sun yaɗu ne daga Amurka a shekarun 1870, kuma su ne suka ba mutum damar ya tara katuna da yawa a hannu ɗaya ya buɗe su kamar mafici ya karanta duka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, matsala ce 'yan wasa suka yi ta fama da ita har aka samo mata magani. Wannan shi ne gadon karta, kuma mai shi shi ne mutumin da zai riƙe ta. Mai zane amana aka ba shi.

Ban fahimci wannan daga karatu ba, a majalisa na fahimce shi. Shekarar da na fara gwada fitar da tawa kartar, na bi abin da ake yayi a lokacin a shafukan masu zane na ƙasashen waje, wato baƙin kati mai ruwan zinare, da siraran lambobi masu lanƙwasa, da alamomin gida da aka rage su har suka zama kamar ɗigo. A fuskar kwamfuta abin ya yi kyau matuƙa, kuma da na sa hotonsa a Instagram na sha yabo daga mutanen da ba su taɓa riƙe shi ba. Na buga fakiti kaɗan na gwaji na kai wata majalisa kusa da layin dogo a Agege, inda dattawa da 'yan kasuwa suke zama bayan sallar isha'i a kan benci biyu da tabarma, ƙarƙashin ƙwan fitila guda mai caji idan an ɗauke wuta. Wani dattijo mai sayar da goro, wanda kowa ke kira Baba, shi ya karɓa ya cuɗa ya raba. Ya buɗe nasa a hannu, ya matsar da su kusa da fitila, ya karkata su dama ya karkata hagu saboda ƙyallin zinaren yana dukan idonsa, sannan ya ce da ni, "Ɗana, wannan shida ce ko takwas?" Na ce, "Takwas ce, Baba." Ya ce, "To idan sai na tambaye ka, ai ka ga abin da ke hannuna." Ba su kai ga kammala zagaye na biyu ba wani matashi a cikinsu ya lura da abin da ya fi wannan muni. Zanen da na yi a bayan katin doki ne mai fuskantar gefe ɗaya, saboda haka duk wanda ya so zai iya juya manyan katuna kansu ƙasa ya gane su daga baya ko suna hannun wa. Baba ya tattara su ya mayar cikin kwali da kyau, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce Allah ya yi wa sana'a albarka, aka ɗauko tsohuwar kartarsu da gefenta ya yi laushi aka ci gaba.

Na daɗe ina tunanin wannan dare. Abin da ya dame ni shi ne na yi watanni ina duban aikin mutanen da ke zana karta domin masu tarawa su ajiye a kabad ba tare da sun ɓare ledar ba, na manta cewa tawa za a jefa ta a kan tabarma ne, da hannun da ya wuni yana ƙirga goro, a gaban idon da ya haura sittin. Kasuwar masu tarawa tana nan a Turai da Amurka, ana tara mata kuɗi ta shafuka irin su Kickstarter, kuma ba na zargin masu yi mata aiki. Amma wanda ya kwafo salonsu ya kawo Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago ba tare da ya tambayi kansa wa zai yi wasa da ita ba, ya ɗinka riga ne bai auna mai sawa ba.

Yayi na biyu da ya fi tayar mini da hankali shi ne na hotunan da ƙirƙirarriyar basira take fitarwa. Yanzu mutum zai rubuta wa manhaja cewa yana son sarkin Hausa, cikin daƙiƙa kaɗan ta ba shi hoto mai sheƙi, ya ɗora a kati ya kawo a buga. Na ga irin waɗannan da dama a teburin maɗaba'a. Za ka ga rawanin irin na Indiya ne, wuyan ya sha murjani irin na sarakunan Bini, rigar kuma ba babbar riga ba ce ba alkyabba ba, ga wata takobi mai lanƙwasa da ba a taɓa ratayawa a ƙasar Hausa ba. Wanda ya san abin ya san cewa naɗi magana ne. Rawani mai kunne biyu a Kano ba kowa ke naɗa shi ba, amawali yana da inda yake tsayawa, kayan dogari ja da kore ne ba don kwalliya ba sai don a gane shi daga nesa. Manhaja ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba, ta haɗa abin da ta tsinta ne daga ko'ina ta kira shi Afirka. Abin takaicin shi ne yaron da aka haifa a Legas, wanda bai taɓa ganin hawan sallah da idonsa ba, zai riƙe wannan kati shekara da shekaru ya ɗauka haka kakanninsa suke. Ba na cewa a jefar da manhajar, ni ma ina amfani da ita wajen gwada launuka da tsari. Ina cewa ne duk wanda bai iya gane kuskurenta ba bai kai ya sa hannu a aikinta ba.

Sai dai kada a ɗauka cewa duk wanda ya ce gado yake bi ya tsira. Akwai wata kasala da take fakewa da sunan al'ada, ita ce a ɗauko dagin Arewa a manna a tsakiyar kowane abu a ce an gama. Dagi ya hau hula, ya hau ƙofar gida, ya hau ledar ruwa, yanzu kuma ya hau karta, sau da yawa a miƙe shi ko a matse shi har igiyoyinsa su daina shiga juna yadda ya kamata. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maɗinkin babbar riga ne a cikin birnin Zariya, kuma a gabansa na fara riƙe alƙalami ina zana masa layin aiki a kan yadi kafin allura ta bi. A wurinsa na koyi cewa kowane ado yana da suna da mazauni. Aska takwas tana zama a ƙirji ɓangaren aljihu ta haura kafaɗa, tambari yana da nasa wurin a gaba da kuma baya, kuma ba a sauya musu wuri don mai riga ya ga dama. Idan ka kawo wannan ilimi kan karta sai ka ga ya yi maka jagora da kansa. Aska takwas ba ta dace da bayan kati ba, saboda tana da sama da ƙasa, za ta jawo irin matsalar da dokina ya jawo. Dagi kuwa, idan an zana shi daidai, ko ka juya shi kansa ƙasa yana nan yadda yake, saboda haka bayan kati gidansa ne. Haka zanen bangon gidajen Zariya da Kano, da sassaƙar ƙwarya, da saƙar faifai, da aikin dukawa a kan jar fata, duk cike suke da siffofi masu maimaita kansu ta kowane ɓangare, waɗanda kamar don bayan karta aka yi su. Wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, ya san cewa ba mu rasa abin ɗauka ba. Launi ma muna da namu, shunin marinar Ƙofar Mata yana hawa takarda da kyau, kuma ba ya saurin nuna dauɗar hannu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne kati yana da wurare uku, kuma kowanne da hukuncinsa. Kusurwa ta ɗan wasa ce, a bar masa lambarsa da alamarsa manya, baƙi ko ja a kan fari, yadda ya saba. Baya na mai zane ne, ya zuba gwanintarsa iya son ransa muddin zanen bai da sama da ƙasa. Tsakiyar manyan katuna kuwa nan ne ake tattaunawa tsakanin tsoho da sabo, kuma nan ne na fi daɗewa a aikina na biyu. Na bi hanyar mutanen Masar na da, na cire fuska gaba ɗaya. Sarki ya zama rawani da sandar girma a ƙarƙashin laima, sarauniya ta zama ɗankwali da awarwaro da tasar goro, na uku kuma ya zama kayan dogari. Kowanne na zana shi kai biyu kamar yadda aka gada, na bar harafin kusurwa yadda yake. Wani abokin aikina ya nace in canza gidajen huɗu gaba ɗaya zuwa kakaki da kalangu da takobi da ƙwarya, ya ce in ba haka ba ina bautar Turawa ne. Na ƙi, kuma har yanzu muna jayayya a kai. Hujjata ita ce an taɓa gwada irin haka da ƙarfin hukuma ma bai zauna ba. Bayan juyin juya halin Faransa, a 1793, an fitar da karta da aka cire sarakuna da sarauniyoyi aka maye gurbinsu da siffofin 'yanci da daidaito, amma ba a daɗe ba sarakunan suka dawo teburin wasa, saboda hannu da ido sun riga sun saba. Abokina yana da gaskiya cewa Jamus da Sifaniya da Italiya suna da nasu gidajen daban har gobe, sai dai waɗannan ɗaruruwan shekaru suka yi suna shiga jinin mutane, ba mai zane guda ne ya tashi da safe ya ɗora musu ba.

Whot ta fi kowace karta koya mana wannan darasi, kuma ita ce ma aka fi bugawa a majalisun Legas. Wani Bature mai suna William Henry Storey ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1935, kamfanin Waddingtons ya yaɗa ta, amma yau a Najeriya take da gida fiye da inda aka haife ta. Katunanta 54 ne, gidajenta biyar: da'ira, kuros, mai kusurwa uku, mai kusurwa huɗu, da tauraro, sai katunan Whot masu lamba 20. Ina ganin sauƙin siffofin nan ne ya sa ta shiga ko'ina, domin Bahaushe da Bayarabe da Ibo za su zauna a benci ɗaya a tashar mota, wanda ya yi boko da wanda bai yi ba, kowa ya gane da'ira ya gane tauraro, a ce fik tu a ɗauki biyu, a ce jenaral maket kowa ya je kasuwa. Na ga wani zane da aka mayar da da'irar ta zama kan zaki, tauraron ya zama fitilar mota, har sai ka tsaya ka yi tunani kafin ka san gidan da kake. Alhali ana iya yi wa Whot ado na gida ba tare da an taɓa siffar ba. Ƙwarya idan ka dube ta daga sama da'ira ce, faifai ma haka. Mai kusurwa huɗu zai ɗauki saƙar tabarma ko gurabun dara. Mai kusurwa uku zai ɗauki bakin aska irin na riga ko zankon soro. Daga nesa mutum ya ga siffar da ya sani, idan ya matso da ita kusa ya ga gida.

Akwai kuma abubuwan da nake roƙon 'yan uwana masu zane da masu ba da aiki kada su kusance su ko da wasa. Kati abu ne da ake bugawa da ƙasa da ƙarfi, yana faɗawa cikin kwata, yaro yana tauna shi, idan ya tsufa a share shi da shara. Saboda haka aya ko sunan Allah ko salati ba su da wuri a jikinsa. Har rubutun ajami ma, duk da ƙaunar da nake yi masa da kuma kyan da zai yi, na haƙura da shi, domin mutanenmu idan suka ga harafin Larabci a ƙasa sunkuyawa suke su ɗauke, kuma ba daidai ba ne in sa su cikin wannan damuwa a kan abin wasa. Irin zayyanar da ake yi wa allo da Alƙur'ani ita ma a bar ta inda take. Haka hoton sarki mai rai ko wanda ya rasu, ko na wani malami. Kwanakin baya wata Hajiya ta zo da aikin bikin 'yarta, tana so a sa hoton ango a katin sarki, amarya a katin sarauniya, ta ce ta ga an yi haka a wani biki a tsibirin Legas ya burge ta. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri in faɗi wani abu. Wannan fuskar ta 'yarki, samarin unguwa ne za su riƙa buga ta da ƙasa suna ihu, wata shida kuma a tsince ta a bola." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Malam, ban kawo wannan a raina ba." Muka daidaita a kan a sa sunayensu da ranar biki a jikin kwali, bayan katin kuma a yi masa zanen lalle mai zagaye. Da na yi shiru na karɓi kuɗina ba wanda zai ce na yi laifi, amma na san abin da zai biyo baya, ita kuwa ba ta sani ba.

Zane ba ya tsayawa shi kaɗai, takarda ce take ɗauke da shi, kuma nan ne aikinmu na gida yake yawan faɗuwa. Karta ta ƙwarai ba kwali ɗaya ba ce, takarda biyu ce aka manne da baƙin gam a tsakani domin haske kada ya ratsa, a kuma yi mata ɗan kaushi mai kama da saƙa don katuna su riƙa zamewa a kan juna wajen cuɗawa. Yawancin abin da ake samu a wurin masu takarda a Mushin da Shomolu kwalin katin gayyata ne, wanda idan ka ɗaga shi gaban fitila za ka hango lambar daga baya. Ga kuma danshin Legas, wanda a damina yake sa kati ya kumbura ya lanƙwashe cikin 'yan kwanaki, idan kuma aka lulluɓe shi da leda mai kauri sai ya riƙa mannewa. Girman da aka saba shi ne milimita 63 da 88, akwai kuma siririya mai faɗin kusan 57 wadda ta fi daɗin riƙewa ga mai ƙaramin hannu. Yanka kuwa shi ne wuyan aiki, domin idan wuƙar injin ta kauce da ko rabin milimita a wasu katuna, mai ido zai haddace su. Shi ya sa farin gefe da ake bari a bayan karta yake da amfani, baƙin gefe kuwa da an fara wasa yake fashewa ya nuna fari, kowane kati ya samu tabonsa da za a gane shi da shi. Wanda ya zaɓi baƙi har bakin gefe saboda yayi, ya sani cewa kartarsa ba za ta yi mako biyu tana riƙe sirri ba.

Ba duk sabon abu nake ƙi ba, kuma zalunci ne in nuna haka. Manyan lambobi don masu raunin gani sabon salo ne mai kyau. Kartar roba da ake wankewa ta dace da garin nan fiye da ta takarda. Injunan zamani da suke ba mutum damar buga fakiti goma kacal ya gwada kafin ya zuba jarinsa, su ne ma suka sa irina ya iya shiga wannan aiki.

Roƙona ga matasa masu zane shi ne su fita daga gaban kwamfuta su je wurin masu abin. A nan Legas akwai maɗinka da masu aikin hula da dukawa 'yan Arewa a Agege da Obalende da Idi-Araba, waɗanda za su gaya maka sunan kowane ado da inda ake sa shi idan ka zauna ka gaishe su da ladabi. Idan ka ɗauki zanen wani ka ɗora a kayan sayarwa, ka biya shi, ka kuma nemi izininsa, domin abin da ya kwashe shekara talatin yana koya ba tsintuwa ba ne. Roƙona gare ka kuma, Edita, shi ne jaridarka ta riƙa ba waɗannan masu sana'a fili, a ɗauki hoton aikinsu a rubuta sunayen adon da bakinsu, saboda da yawa daga cikin sunayen nan ba a rubuce suke a inda matashi zai same su ba, kuma tsofaffin da suka san su suna ta tafiya.

Gwajin kartata ta biyu yana majalisar Baba yau kwana tara. Bayanta shuni ne da dagi huɗu masu haɗuwa a tsakiya da farin gefe, kusurwoyinta kuma na bar su yadda kowa ya sani. Sun ce baya ya yi, kuma ba wanda ya iya gane kati daga bayansa, amma Baba ya aiko a gaya mini cewa jan da na zaɓa ya yi duhu, da dare yana kama da baƙi, sannan laimar sarki ta yi kama da tasar sarauniya idan an riƙe su a jere. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan je in karɓo su in gyara, in sake kai musu.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wani mai zane,
Agege, Legas.